Wa Ya Saita Maka Gem Ɗinka? Tarihin Saiti Daga 1972 Zuwa Yau

Waɗanda data ba ta bari sun saurari sautin ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba.

Yau maganar gem za mu yi. Na san akwai wanda zai ce, "Haba malam, ƙasa tana cikin wannan hali, kai kuma gem ka gani?" Ka yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe. Tarihin da zan kawo na wurin nan ne da yawancinmu ba ma leƙawa, wurin da aka zana ɗan ƙarfe mai haƙora aka rubuta Settings, mu kuma muke cewa saiti. Kusan kowane zaɓi da ke ciki akwai rigimar da ta haife shi: tsakanin wa da ƙani, tsakanin kamfani da mai saye, tsakanin iyaye da 'yan kasuwa. Shi kuma saitin da na'ura take zuwa da shi daga kamfani, an tsara shi ne don ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya ƙarewa, kowa yana jin Turanci. Namu ɗakin kun san yadda yake.

Bari in fara da abin da ya same mu a gida. Ina firamare, kawuna ya dawo daga Amurka ya kawo mana tsarabar na'urar gem. Murna ba ta bar yayana ya karanta komai ba, ya nemo adafta ya jona ta a bango. Sai muka ji "fat!", sai warin ƙonewa. Washegari muka kai wa mai gyaran rediyo na bakin titi. Ya juya bayanta, ya nuna mana wani ɗan rubutu, ya ce, "Yara, wannan ai ta ƙasar wuta 110 ce, ku kun ɗura mata 220." Ya gyara, ya haɗa mu da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Muka dawo gida muka kunna, hoto ya fito, amma baƙi da fari. Wata da watanni muna buga ƙwallo a haka, kullum ana faɗa a kan wane ɗan wasa ne na wa. Sai da na girma na gane cewa waɗannan matsaloli biyu tsohon tarihi gare su, sun girme ni sun girmi yayana.

To mu koma farko. Na'urar gem ta gida ta farko da aka sayar a kasuwa ita ce Magnavox Odyssey, a shekarar 1972, a Amurka. Wanda ya jagoranci ƙirƙirarta injiniya ne mai suna Ralph Baer, haifaffen Jamus, wanda iyalinsa suka gudu zuwa Amurka a 1938 saboda zaluncin gwamnatin Hitila. Odyssey ba ta da sauti, ba ta da kala, ba ta ma iya ƙirga maki. Ɗigo-ɗigon haske kawai take nunawa. In kana son filin wasa, sai ka ɗauko wata leda mai zane da ta zo a cikin kwali ka manna a fuskar talabijin. Saitin zamanin da hannu ake yin sa.

Saitin da ya fi daɗewa daga wancan zamani shi ne na tasha. Talabijin ɗin lokacin ƙofa ɗaya gare shi, ta eriya. Don haka dole na'urar gem ta mayar da kanta tamkar ƙaramin gidan talabijin. A Amurka ana sa ɗan makunni mai zaɓi biyu, tasha ta 3 ko ta 4, ka zaɓi wadda babu gidan talabijin da ke amfani da ita a garinku. Na'urorin da aka yi wa Ingila kuwa a wajen tasha ta 36 suke fitowa. Shi ya sa yayyenmu da suka yi zamanin Sega suke ba da labarin murɗa talabijin ana laluben gem a cikin yayyafin nan mai shuuu, wani yana riƙe da waya kada ta motsa.

A 1977 Atari ta fito da na'urar da daga baya aka sani da Atari 2600. Ta farkon tana da makunnai shida a gabanta. Ɗaya na kunnawa, ɗaya na zaɓen kala ko baƙi da fari, ɗaya na zaɓen wasa, ɗaya na sake farawa. Sauran biyun su ne abin lura: makunnin wahala na ɗan wasan hagu, da makunnin wahala na ɗan wasan dama. Kowa da nasa. Uba zai iya sa nasa a kan mai wuya, ya bar wa ɗansa mai sauƙi, su kara ba wanda ya ji an cuce shi.

Na tsaya a nan ne saboda wata ɗabi'a tamu. A gidan gem, in aka gan ka kana rage wahalar wasa, ka shiga uku da tsiya. Alhali tun asali an ƙirƙiro wannan zaɓi ne don gwani da ɗan koyo su iya zama a tabarma ɗaya. Ko masu haɗa wasannin ma suna bukata. A 1986 wani ma'aikacin kamfanin Konami, Kazuhisa Hashimoto, yana aikin mayar da wasan Gradius zuwa na'urar gida, sai wasan ya gagare shi gwadawa saboda wuya. Ya saka wa kansa wata ɓoyayyar hanya: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. Aka sayar da wasan da ita a ciki. Ita ce daga baya take ba mutum rai 30 a wasan Contra. Wanda ya haɗa wasa da hannunsa ya sauƙaƙa wa kansa, kai wa kake jin kunya? In ƙanwarka ko ƙaninka suna son koyo, rage musu. A PlayStation 5 akwai wurin da aka rubuta Game Presets, inda za ka zaɓi matakin wahala sau ɗaya, wasannin da suka yarda da tsarin su riƙa bi.

Zango na biyu shi ne lokacin da aka fara ƙwace zaɓi daga hannun mai saye. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, saboda kowa ya shiga buga kaset, nagari da na banza, har mutane suka daina saye. Da Nintendo ta shigo Amurka da NES a 1985, sai ta sa wani ɗan guntun kulle a ciki mai suna 10NES. Kaset ɗin da ba shi da abokin wannan kulle ba zai tashi ba. Kamfanin ya ce don tsare inganci ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kullen ya raba duniya shiyya-shiyya, kaset ɗin Amurka ba ya aiki a na'urar Turai. Na Japan ma siffarsa daban, haƙoransa 60, na Amurka 72. Kamfani ne yake yanke wanda zai samu wasa, da yaushe, da nawa. Ƙasashe irin namu ba a ma sa su a lissafi ba. Gurbin da aka bari shi 'yan kwaikwayo suka cike, da na'urorin nan masu kaset ruwan ɗorawa da ake rubuta wa wasa 9999 a ciki, ka kunna ka tarar wasa goma ne ake ta maimaitawa.

Yanzu ga amsar baƙi da farin gidanmu. Lokacin da aka ƙirƙiro talabijin, an ɗaure saurin zana hoto da bugun wutar lantarkin ƙasa. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50. Daga nan aka samu tsarin NTSC a Amurka da Japan, mai zana hoto sau 60, da tsarin PAL a Ingila da Jamus, mai sau 50. Faransa ta yi nata, SECAM. Mu kuma kowa ya bi sahun Turai: Najeriya da Gana PAL, Nijar da Chadi SECAM. Yadda NTSC yake aika kala daban ne da yadda PAL yake karanta ta. In ka haɗa na'urar Amurka da tsohon talabijin da PAL kaɗai ya sani, kala ta tafi.

Abin bai tsaya a kala ba. Wasannin lokacin suna yin taku ɗaya ne duk sanda aka zana hoto ɗaya. In aka ɗauko wasan da aka gina a kan 60 aka ɗora shi a kan 50 ba a gyara ba, saurinsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Sonic na farko, na 1991, wanda duk tallarsa a kan gudu take, a ƙasashen PAL a hankali yake tafiya, har kiɗansa ja yake yi, ga baƙin layi sama da ƙasa. Miliyoyin yara sun girma suna buga shi a haka, ba su san an rage musu komai ba. Sai wajen 1999, da Dreamcast ta Sega ta isa Turai, aka fara yawan tambayar mutum a farkon wasa: 50 kake so ko 60? Masu karanta mujallun gem sun daɗe suna ƙorafi kafin a ba su wannan zaɓi.

Talabijin na zamani da wayar HDMI sun kashe rigimar PAL da NTSC. Amma abu biyu sun rage. Na farko wuta. Amurka 120 take, Japan 100, mu 230. Kafin ka jona duk wata na'ura da aka kawo daga waje, musamman ta hannu, juya bayanta ko ka duba jikin adaftarta. In ka ga 100–240V, bismillah. In 110 ko 120 kaɗai ka gani, nemi taransifoma tukuna. Na biyu shiyya. Faifan PlayStation 4 da 5 yana tashi a kowace na'ura, amma ƙarin kayan wasa da ake saye ta intanet sai shiyyar asusunka ta dace da shiyyar faifan. Faifan Turai da asusun Amurka, kuɗinka sun tafi a banza.

Akwai wani ɗan labari mai daɗi a nan. Da Sony ta fito da PlayStation a 1994, wanda ya zana hannun gem ɗin, Teiyu Goto, ya sa alamomi huɗu. A al'adar Japan, da'ira tana nufin "daidai", X kuma "kuskure". Don haka a can da'ira ce ake dannawa a ce na yarda. A Amurka da Turai aka juya, X ya zama na yarda. Duk wanda ya yi zamanin Winning Eleven na Japan a gidan gem ya san wannan ruɗani. Ba ma iya karanta ko harafi ɗaya, amma mun haddace: sauka sau kaza, danna da'ira, ga tsarin 'yan wasa. Mai gidan gem shi ne malamin saiti na unguwa, shi ke sa minti nawa za a buga, shi ke riƙe da memori. Sai a 2020, da PlayStation 5, Sony ta mayar da X na yarda har a Japan, 'yan can suka yi ta gunaguni. Kun ga ko maɓallin "e" da "a'a" wani ne ya zauna ya yanke.

Zango na uku, iyaye da gwamnati sun shigo. A 1993 Mortal Kombat ya iso na'urorin gida. Nintendo ta cire jinin, ta mayar da shi wani abu mai kama da gumi. Sega ta ɓoye nata a bayan wasu maɓallai, A, B, A, C, A, B, B, wanda kafin a ce me kowane yaro ya haddace. Na Sega ya fi kasuwa. A watan Disamba na shekarar, sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira kamfanonin gaban Majalisar Dattawan Amurka. Saƙon a fili yake: ku tsara kanku ko mu tsara ku. A 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sa wa wasanni alamar shekaru. Turai ta kafa tata, PEGI, a 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. Harafin M da kuke gani a jikin faifan Amurka yana nufin daga shekara 17 zuwa sama. Daga baya alamar ta tashi daga jikin kwali ta shiga cikin na'ura: Xbox 360 ta 2005 ta zo da saitin iyali, a 2007 aka ƙara mata agogon da ke kashe wasa in lokaci ya cika.

Da intanet ya shigo, abin tsoron ya canja. Jini a allo ya zama ƙaramin abu a kan baƙon da ke magana da yaro ta lasifikar kunne, da katin banki da aka bari a cikin na'ura. A 2018 Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saye a cikin wasanni, waɗanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, caca ne a dokarta. A farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar. A 2019 ɗin dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem, wadda ta kai ga hana mutum karatu ko aiki ko zaman iyali, cikin jerin cututtuka. A Disamban 2022 kuma kamfanin Epic, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC. Ku ji zargin da kyau. Ɗaya, an tsara maɓallai ta yadda mutum zai sayi abu da dannawa ɗaya ba da niyya ba. Biyu, an bar hirar murya a buɗe tun daga kamfani, har ga yara. Cikin sharuɗɗan sasantawar akwai cewa dole hirar ta zo a kulle ga yara da matasa, sai an buɗe da gangan. Wato babban ɓangare na shari'ar dala miliyan ɗaruruwa a kan saitin kamfani aka yi ta. Sun san yawancin mutane yadda aka miƙo musu abu haka suke barin sa.

A gidajenmu Baba da Mama ba za su shiga wannan wuri ba. Mu ne yayye, nauyin a kanmu yake. Kada ka ba ƙaninka asusunka. Buɗe masa na yara a ƙarƙashin naka, da shekarunsa na gaskiya. A PlayStation wurin sunansa Family and Parental Controls, Xbox da Nintendo Switch kuma kowanne yana da manhajar waya ta iyaye. Sa iyakar shekarun wasa, sa iyakar awanni, kulle hira da wanda ba a sani ba, bar iyakar kashe kuɗi a kan sifili. A naka asusun ma kunna neman kalmar sirri kafin a sayi komai. Kuma ka zaunar da yaron ka gaya masa dalili, don wanda aka kulle wa ƙofa ba bayani gidan gem ɗin bayan layi zai koma.

Zango na huɗu, talabijin ya zama falle. Tsohon mai ƙusumbi yana nuna hoto nan take da ya iso. Na zamani kwamfuta ce, sai ya tsaya ya yi wa hoto kwalliya, ya gyara kala, ya ƙirƙiro hotunan tsakiya don motsi ya yi santsi. Ga mai kallon fim wannan ba matsala. Ga mai buga ƙwallo, jinkirin a wasu talabijin yana kaiwa kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato hoto shida sun wuce kafin ka ga abin da ka danna. Sau nawa aka zagi hannun gem, ko aka ce mai gida ya ba abokin hamayya mai kyau, alhali laifin talabijin ne? Maganin yana cikin rimot. Shiga saitin hoto ka nemi Game Mode ka kunna, ka kashe duk wani abu mai sunan santsin motsi. In gefen hoto yana yankewa, har maki ko taswira ba sa fitowa duka, wannan ma gadon tsohon talabijin ne, a saitin allo na na'urar akwai wurin daidaita faɗin hoto.

Tun daga PlayStation 4 Pro ta 2016 kuma wasanni da yawa suna tambaya: kyan hoto kake so ko saurin motsi? Mark Cerny, babban mai tsara PlayStation, ya faɗa a 2024 cewa in aka ba 'yan wasa zaɓin, kusan kashi uku cikin huɗu na lokuta saurin motsi suke ɗauka. In talabijin ɗinka ba 4K ba ne, ka ma huta da tunani, ɗauki Performance, don yawancin ƙarin kyan ba zai fito a allonka ba.

Zango na biyar shi ya fi taɓa ni. Shekara arba'in ana ƙera hannun gem kamar kowa yatsu goma gare shi masu lafiya, da ido biyu, da kunne biyu. Masu bukata ta musamman a Amurka da Turai suka yi ta rubutu, suna kafa ƙungiyoyi, suna ƙera nasu hannayen a gida. A 2015 PlayStation 4 ta ba da damar sauya aikin kowane maɓalli. A 2018 Microsoft ta fito da Xbox Adaptive Controller, faffaɗan hannu da ake iya jona masa manyan maɓallai a danna da ƙafa ko gwiwar hannu. A 2020 wasan The Last of Us Part II ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60 na sauƙaƙawa, har makafi suka buga shi daga farko zuwa ƙarshe da sauti. Sony ta fito da nata hannun, Access, a 2023. A unguwanninmu akwai waɗanda shan inna ta taɓa, akwai kurame, akwai masu raunin gani, kuma a gidan gem 'yan kallo ne. Masu gidajen gem, don Allah ku shiga inda aka rubuta Accessibility. Ana ƙara girman rubutu, ana kunna rubutun magana, ana gyara kala ga wanda ba ya bambance ja da kore, ana mayar da maɓallan da hannu ba ya kaiwa zuwa inda yake kaiwa. Ba ko sisi za ku kashe ba, wasu ne suka yi shekaru suna faɗa aka samu.

Sai wuta da data, inda saitin kamfani ya fi cutar da mu. Na'urorin yanzu ba sa mutuwa gaba ɗaya in ka kashe, barci suke yi, suna sauke sabuntawa a ɓoye. Microsoft da kanta ta ce barcin Xbox yana cin wat 10 zuwa 15, kashewa ta gaskiya kuwa rabin wat. A 2023, bayan shekaru masu rajin kare muhalli suna matsa lamba, ta fara mayar da na'urori kan tsarin kashewa mai tattalin wuta. Mu yi lissafi: wat 10 sau awa 24 sau kwana 30, yunit 7 da ɗoriya ke nan a wata, ba ka buga komai ba. Mai mita yana ji a jikinsa, mai sola kuma batirinsa ne ke zuƙewa cikin dare. Ga haɗari na biyu: in aka ɗauke wuta na'ura tana barci tana rubuta wani abu, ajiyar wasanka tana iya lalacewa. Mai PlayStation ya san allon nan da ke fitowa yana masa faɗa cewa ba a kashe shi daidai ba. Don haka a wajenmu, kashe gaba ɗaya, ka jira fitilar ta mutu, sannan ka zare daga bango. Shiga Automatic Updates ka kashe saukewa da kanta, don sabuntawar wasa ɗaya tana iya haɗiye gigabait goma-goma, datar wata guda ta tafi kana barci. Ka sauke da hannunka lokacin da ka shirya. In kana da hali ka sa sitabilaiza, kuma kada ka kunna na'ura sai janareta ya daidaita.

Na bar ɗaya zuwa ƙarshe, saitin da har yau ba a ba mu ba. In za ka buɗe asusun PlayStation, tambayar farko ita ce ƙasarka. Ka duba jerin: akwai Afirka ta Kudu, babu Najeriya, babu Nijar, babu Gana. Shi ya sa rabin matasanmu a takarda mazauna Landan ne ko wani gari a Amurka da ba su taɓa gani ba, suna sayen katin kuɗi da dala. Kuma ƙasar da ka zaɓa ba a canja ta daga baya, don haka ka yi tunani kafin ka danna. Jerin harsuna ma haka, akwai Larabci, babu Hausa, duk da Facebook da Google sun daɗe da sa ta.

Ko ana iya canja irin wannan? A watan Mayun 2024 Sony ta ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta dole ya haɗa da asusun PlayStation. Mutane suka farga cewa akwai ƙasashe sama da ɗari da ba a ma buɗe asusun a cikinsu. 'Yan wasa suka yi ca, suka cika shagon Steam da ƙorafi, wasu suka nemi a mayar musu da kuɗinsu. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye. Ba a sa ƙasashenmu a jerin ba har yanzu, amma an ga cewa abin da ake kira "haka tsarin yake" mutum ne ya rubuta, kuma yana gogewa in aka matsa masa.

Wannan ne ya sa na kawo maganar gem a shirin tarihi. Zaɓin 60 ƙorafin masu saye ne ya kawo shi. Saitin iyaye sai da majalisa ta yi barazana. Na masu bukata ta musamman shekaru aka yi ana nema. Mu da muke cika gidajen gem daga Kano zuwa Damagaram, muna biyan kuɗin faifai da data, ba mu taɓa haɗa baki mun nemi komai ba, ko da sunan ƙasarmu ne a jeri. Masu karatun kwamfuta da masu karatun Hausa a jami'o'inmu, ga aiki nan yana jiran ku: kalmomin saiti ba su fi 'yan ɗaruruwa ba, a zauna a fassara su a yaɗa, ko mai gidan gem ya samu takardar da zai manna a bango.

Kafin nan, aikin gida. Yau da dare kafin ka fara wasa, ba wa saiti minti goma. Duba bayan na'ura ka karanta wutarta. Kunna Game Mode. Kashe barci da saukewa da kanta. Buɗe wa ƙaninka nasa asusun. In akwai wanda kullum yake zaune a gefe yana kallo saboda hannu ko ido, gyara masa maɓallai ka miƙa masa.

Na'urar kawu tana nan a ɗakin Hajiya cikin kwali, da taransifomarta. Har yau in muka haɗu da yayana sai ya ce shi ya ci wasan nan na ƙarshe, ni kuma na ce ɗan wasana ne ya zura ƙwallon, ba kala ne ya sa bai gane ba.

Mu kwana nan. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Wassalamu alaikum.